Tsokaci a kan Koyar da Nombres Premiers a Ajin 5e: Misali daga Imanan da Kurfai

1. Gabatarwa

Wannan takarda sharhi ce a kan wani ɗan ƙaramin babi na lissafi da ɗalibin kwaleji a Nijar yake cin karo da shi a shekararsa ta biyu, wato ajin 5e. Babin shi ne na nombres premiers da décomposition en produit de facteurs premiers, tare da abubuwa biyu da ake ciro wa daga gare shi, PGCD da PPCM. Tsarin da ake bi wajen koyar da shi ba na Nijar kaɗai ba ne. Ya samo asali daga yunƙurin daidaita manhajar lissafi tsakanin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wanda aka fara da taron Abijan na 1983, aka kuma yanke shawarar rubuta littattafai na bai ɗaya a taron 1992. Daga nan ne aka sami jerin littattafan CIAM a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Saliou Touré. Sukar da za a yi a nan ta fi shafar abin da yake saura a kan allo da cikin kaye na ɗalibi bayan an taƙaita babin, domin wannan shi ne abin da yaro yake tafiya da shi gida.

An ɗauki ƙasar Imanan da Kurfai, cikin gundumar Filinge ta jihar Tilaberi, a matsayin wurin gwaji saboda dalili guda. Daga Bonkuku zuwa Filinge, a cikin kwarin Dallol Boso, aji ɗaya yana iya haɗa yaron da ya tashi da Zabarmanci, da na Tamajak, da na Fillanci, da Bakurfe mai Hausa, alhali darasin da Faransanci ake ba su. Duk wata magana da za a yi game da kalmomin lissafi cikin harsunan ƙasa, in ta tsaya da ƙafarta a irin wannan aji, to za ta tsaya a Maraɗi ko Damagaram, inda Hausa ta fi rinjaye. Maganar kuwa ta ƙara nauyi tun 2025, lokacin da kundin Charte de la Refondation ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kalmar da aka buga a littafin makaranta, ko da kuskure ce, takan daɗe kafin a iya tumɓuke ta.

2. Sanda a tsaye

Ga yadda darasin yakan kasance. Malami ya rubuta ma'ana: nombre premier shi ne wanda masu raba shi biyu ne cif, wato 1 da shi kansa. Ya jera 2, 3, 5, 7, 11, 13 har zuwa inda ya ga dama, a haddace. Sa'an nan ya ja sanda a tsaye, ya sa 360 a hagu, ya yi ta rabawa da 2 har ta ƙi, ya koma 3, ya koma 5, a ƙarshe ya rubuta 360 = 2³ × 3² × 5. Ɗalibai su kwafe, a ba su goma irinta su yi a gida.

Wannan hanya tana da amfaninta, kuma bai kamata a raina shi ba. Tana da tsabta, ba ta cin wuri, malami mai aji cike da yara yana iya duba kaye da yawa cikin ɗan lokaci. Aibinta shi ne tana ɓoye ainihin abin da ya sa babin ya cancanci a koyar da shi. Babbar gaskiyar da take cikin wannan babi ita ce: kowace lamba da ta haura 1, ko ta wace hanya aka bi aka warware ta, tubalan da za a tarar a ƙarshe iri ɗaya ne. Wanda ya fara da 60 = 6 × 10 da wanda ya fara da 60 = 4 × 15 duk za su sauka a kan 2, 2, 3, 5. To amma sanda a tsaye hanya ɗaya tak take bari a bi, daga ƙaramin mai rabawa zuwa babba. Yaron da bai taɓa bin hanya ta biyu ba, ta yaya zai yi mamakin cewa hanyoyin sun haɗu? A wurinsa amsa ɗaya ce domin haka malam ya ce a yi.

Akwai masu cewa wannan gaskiya a fili take, ba ta buƙatar tsayawa. Tarihin lissafi bai goyi bayansu ba. Euclide ya kafa harsashinta a littafi na VII da na IX na Éléments, Kamaluddin al-Farisi ya yi aiki a kanta wajen farkon ƙarni na 14, amma cikakkiyar hujjar da ake jingina da ita a yau sai a 1801 ta fito, cikin Disquisitiones Arithmeticae na Gauss. Kuma akwai gwaji mai sauƙi da duk mai horar da malamai ya kamata ya yi da su. A ce duniya ba ta da lambobi sai na shafa'i: 2, 4, 6, 8, har gaba. A cikin wannan duniya 6 ba ta warwaruwa, tun da 3 ba ta nan. Haka 10, haka 30, haka 2. To ga 60 = 6 × 10, ga kuma 60 = 2 × 30. Hanya biyu, tubala daban-daban. Ke nan abin da muke ɗauka a banza cikin lambobinmu na kullum dukiya ce da ba kowane tsari yake da ita ba.

Daga wannan ɓoyewa ne matsalar lamba 1 take fitowa. Ɗalibi yakan tambaya me ya sa aka fitar da 1, a ba shi amsa cewa mai raba ta ɗaya ne, ba biyu ba. Amsar daidai ce bisa ma'anar da aka rubuta, sai dai ba ta gamsar da mai tunani, domin yana iya cewa to me ya hana a sake ma'anar. Amsa ta gaskiya ita ce, da an karɓi 1, da 6 ta zama 2 × 3, ta zama 1 × 2 × 3, ta zama 1 × 1 × 2 × 3, ba iyaka, kaɗaitar warwara ta rushe. Shawara ce masana suka yanke don su tsare wannan kaɗaita, ba su ma yanke ta da wuri ba: jadawalin da D. N. Lehmer ya buga a 1914 da 1 ya fara. Faɗa wa yaro haka ba ya rage wa malami daraja.

Aibi na biyu ya fi na farko bayyana a takardun jarrabawa. Ɗalibi ya zo daga firamare da alamomin rabuwa da 2, da 3, da 5, da 9. In aka ba shi 91, sai ya duba: ba shafa'i ba ce, ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, 9 da 1 goma ne, 3 ba ta raba goma. Sai ya rubuta premier. Alhali 91 = 7 × 13. Haka zai yi da 119, wadda take 7 × 17, da 221, wadda take 13 × 17. Abin da ya rasa shi ne sanin inda gwaji yake tsayawa da dalilin tsayawar. In lamba ta rabu gida biyu, ba zai yiwu duka ɓangarorin su zama manya ba. Ɗaya dole ya kasance wanda in aka ninka shi da kansa bai wuce lambar ba. Don haka ga 97 ya isa a gwada 2, 3, 5, 7, tun da 11 × 11 = 121 ta zarce ta. Wannan ne kuma ya sa rariyar Ératosthène, in aka tankaɗe lambobi daga 2 zuwa 100, sau huɗu kawai ake girgiza ta, lambobi 25 su rage. Rariyar takan zama hoto a littafi da ake tsallakewa saboda ƙurewar lokaci, alhali awa guda da yara za su yi suna soke lambobi da hannunsu ta fi haddar mako.

(A nan ya dace a ja kunnen malamai game da hujjar Euclide cewa waɗannan lambobi ba su da iyaka. Sau da yawa akan ji ana cewa in ka ninka na farko-farko ka ƙara 1, abin da ka samu shi ma premier ne. Ba haka hujjar ta ce ba. 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1 = 30031, ita kuwa 59 × 509 ce. Abin da hujjar ta tabbatar shi ne akwai wani sabon mai rabawa da ba ya cikin jerin da aka fara da shi.)

3. Matsalar suna

Makarantun gwaji na harsunan ƙasa da aka fara a Damagaram a 1973, da abin da dokar ilimi ta 1998 ta tanada, duk sun fi shafar firamare. Kwaleji ta ci gaba da Faransanci. Saboda haka nombre premier ba ta sami matsin da kalmomin tarawa da ɗebewa suka samu ba na a nemo mata suna tabbatacce. Malamin da ya ga aji ya yi tsit yakan juya harshe don ya taimaka, abin da ya fi saurin zuwa bakinsa kuwa shi ne fassarar kai tsaye: lamba ta farko.

Wannan fassara ɓarna take yi. A kunnen Bahaushe, lamba ta farko ita ce ɗaya, wato dai lambar da muke ta fama mu fitar. Kuma in 2 ta farko ce, 3 ma ta farko ce, 97 ma ta farko ce, to wace ce ta biyu? Faransancin ma kansa yana da wannan tarko, domin yaron da ya san premier a matsayin wanda ya zo na ɗaya a aji ba shi da wata alama da za ta nuna masa cewa a nan ana nufin asali ko tushe.

Akwai hanyoyi biyu da suka fi wannan. Ta ɗaya ita ce a bi ginin kalma irin na gagara-gasa da gagara-badau, a ce gagara-rabo. Sunan yana faɗin halin lambar, yana da sauƙin riƙewa, kuma ana iya cewa 13 gagara-rabo ce, 15 kuwa haɗaɗɗiya ce. Rauninsa shi ne ya yi ƙarin gishiri, domin 13 tana rabuwa da 1 da 13. Dole malami ya bayyana cewa rabon da ake nufi shi ne wanda kowane kashi ya haura ɗaya kuma masu karɓa sun haura ɗaya. Ta biyu ita ce a waiwayi Larabcin masu hisabi na Magrib, inda irin su Ibn al-Banna na Marrakush, wanda ya rasu a 1321, suka yi amfani da siffar asamm, wato kurma, ga lambar da ba ta amsa kiran rabo. Kurmar lamba suna ne mai tarihi, sai dai ma'anarsa ba ta tsaya wuri ɗaya ba ko a Larabcin, tun da ana kiran tushen da ba ya fita daidai da wannan suna. A ganin mai wannan takarda gagara-rabo ta fi dacewa da ajin 5e. Ga facteurs premiers kuwa, tubali ya isa, domin kowane yaro ya ga yadda ake ɗora tubali a kan tubali, ya kuma san ba a fasa shi in ana son gini.

4. Abin da yaro ya shigo da shi

Babban abin da darasin yake watsarwa shi ne ilimin da yake wajen taga. Yaron da ya taɓa haƙa gurabun dara a cikin rairayi ya san 30 layi biyar ce mai gurbi shida-shida. Wanda ya taimaka a garkar dankalin Turawa, noman rani da aka san Bonkuku da shi, ya san yadda ake jera fangali layi-layi. A ba shi tsakuwa 12 a ce ya jera su layuka masu tsawo ɗaya: zai samo 2 × 6 da 3 × 4. A ba shi 13, zai yi ta juyawa, kullum da saura, sai dai ya shimfiɗa su layi guda. Ya gano gagara-rabo da hannunsa tun kafin a ba shi suna, kuma zai ga da idonsa cewa 9 da 15 wutiri ne amma suna jeruwa, wanda shi ne maganin kuskuren nan na ɗaukar kowace wutiri a matsayin premier.

Ƙidayar kuɗi ta fi wannan ban sha'awa. A kasuwannin Nijar da dala ake ciniki, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Ma'ana, duk farashin da aka faɗa da baki an riga an raba shi da 5. Yarinyar da take talla ta san, ba tare da alƙalami ba, cewa 85 F dala goma sha bakwai ce, 65 F dala goma sha uku, 95 F dala goma sha tara. Abin da ta sani shi ne 85 = 5 × 17, da 65 = 5 × 13, da 95 = 5 × 19, wato cikakkiyar warwara zuwa tubala. Makaranta takan ɗauki wannan ƙidaya a matsayin cikas da yake rikita yara wajen rubuta farashi da Faransanci. A wannan babi kam jari ce. Har ma tana buɗe wata tambaya mai kyau: kuɗin nan guda, in an kira shi 17 gagara-rabo ne, in an kira shi 85 haɗaɗɗe ne, to wanne ne gaskiya? Amsar ita ce halin na lamba ne, ba na kuɗin ba, kuma ya danganta da abin da aka ɗauka a matsayin ɗaya. Ɗalibin da ya kai nan ya fara fahimtar lissafi.

5. Zauren malamai

Akwai wani wuri a ƙasar nan da ake aiki da PPCM shekaru aru-aru kafin zuwan lakwal, shi ne wajen rabon gado. Kason da shari'a ta ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Duk maƙaman waɗannan kaso, wato 2, 4, 8, 3, 6, daga tubali biyu aka gina su, 2 da 3. Shi ya sa asalin mas'ala a wurin malaman fara'ili bai wuce bakwai ba: 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24. Malaman sun kuma kasa dangantakar lamba da lamba gida huɗu, kamar yadda mai karatun Mukhtasar na Khalil yake tararwa a babin gado: tamasuli in sun yi daidai, tadakhuli in ɗaya ta shiga cikin ɗaya, tawafuƙi in suna da mai raba su tare, tabayuni in ba su da shi.

A ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da ƴaƴa maza biyu da mace ɗaya. Mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi. Tsakanin 8 da 6 akwai tawafuƙi da rabi, sai a ninka rabin ɗaya da ɗayar, a sami 24. Da harshen ajin 5e: 8 = 2³, 6 = 2 × 3, PPCM = 2³ × 3 = 24. Mata ta ɗauki 3, uwa 4, saura 17. Ƴaƴan kuwa kawuna 5 ne, tun da kowane namiji yana da rabon mata biyu. Tsakanin 17 da 5 tabayuni ne, don haka a ninka 24 da 5, mas'ala ta koma 120. Mata 15, uwa 20, saura 85: kowane ɗa 34, ƴa 17. Ga 85 = 5 × 17 ta sake dawowa, ta wata ƙofa.

Abu biyu wannan tsari yake koya wa mai tsara manhaja. Na farko, yana da kalma ta musamman ga abin da Faransanci yake kira premiers entre eux. Amfani da premier a wurare biyu yana sa ɗalibi ya zaci sai lambobin biyu sun zama gagara-rabo kafin a ce haka, alhali 8 da 9 duk haɗaɗɗu ne amma tabayuni ne tsakaninsu. Hausa ba ta da dalilin gadon wannan ruɗani. Tana iya aron tabayuni, ko ta ce lambobin bare ne ga juna. Na biyu, hanyar gane tawafuƙi ta hanyar ɗebe ƙarama daga babba a kai a kai, wadda ita ce dai algorithme d'Euclide, ba ta buƙatar warwara ko kaɗan. A nemi PGCD na 221 da 323. Mai sanda a tsaye zai gwada 2, 3, 5, 7, 11 duk a banza kafin ya dace. Mai ɗebewa zai ce 323 − 221 = 102, sai 221 − 102 = 119, sai 119 − 102 = 17, ita kuwa 17 tana cinye 102 sau shida ba saura. An gama. Koyar da PGCD ta hanyar warwara kaɗai yana sa ɗalibi ya ɗauka warwara abu ne mai sauƙi kullum, saboda misalan da ake zaɓa masa irin su 360 ne. Gaskiyar ita ce warware babbar lamba yana daga cikin ayyuka masu wuyar gaske ko ga kwamfuta, kuma a kan wannan wuya aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977.

Dole a yi hattara a nan. Ilimin fara'ili karatun manya ne. Yaro ɗan shekara goma sha uku bai kai gare shi ba, ko da yana zuwa makarantar allo. Ba a kuma neman a mai da ajin lissafi ajin fiƙihu. Wanda ya kamata ya san wannan shi ne malamin da ake horarwa, da kwamitin da zai zauna ya zaɓi kalmomi, don kada a ƙirƙiro sabon suna ga abin da yake da suna a zauren da yake bayan makarantar.

6. Harshen wa?

Saura tambayar da Imanan take tilasta wa mai sharhi. Gagara-rabo tana taimakon Bakurfe a Filinge, amma ga yaron Bonkuku da Zabarmanci ko Tamajak ne harshen gidansu, wata baƙuwar kalma ce a kan baƙuwa, sai dai in yana jin Hausar kasuwa. Malamin da aka turo daga Tawa ko Maraɗi, in ya juya zuwa Hausa don ya sauƙaƙa, yana iya ɗaukar rabin aji ya bar rabi. Saboda haka jerin matakan darasin yana da muhimmanci fiye da kalmar da aka zaɓa. Tsakuwa da gurabun dara ba su da harshe. Ƙidaya da dala ta game masu Hausa da masu Zabarmanci. In aka fara da waɗannan, aka bar kowane rukuni na yara ya faɗi da bakinsa abin da 13 ta ƙi yi, sa'an nan aka kawo rariya, aka bi hanyoyi biyu ko uku wajen warware 60, to sanda a tsaye tana iya zuwa a mako na biyu a matsayin gajeriyar hanyar rubuta abin da aka riga aka gane. Aikin da ya rage wa sashen harsuna da na lissafi a Jami'ar Abdu Mumuni, tare da INDRAP, shi ne su nemo takwarorin gagara-rabo da tabayuni a Zabarmanci da Tamajak da Fillanci a zama guda da na Hausa, a kuma gwada su a bakin ƴan 5e kafin a kai su maɗaba'a.